FASHIN BAƘI: Kalmar 'chew' ta Ingilishi, daga tauna abinci zuwa bakin 'yan siyasa

Duk wanda ya zauna a ajin firamare ya san cewa 'chew' na nufin tauna. Rikicin yana farawa ne ranar da mutum ya buɗe jaridar Amurka ko ta Birtaniya, ya ci karo da 'chew over' a labarin majalisa da wani ƙudiri, ya ga 'chew out' a labarin shugaba da ministansa, sannan ya ga 'chew through' a labarin yaƙi da kasafin kuɗi. Babu abinci a ko ɗaya daga cikin ukun, kuma ma'anoninsu sun yi hannun riga: na farko nazari ne, na biyu faɗa, na uku cinye dukiya. Mai karatu ko mai fassarar da ya ɗauki wannan a madadin wancan zai iya mayar da jan ƙafa ya zama alkawari, ko ya mayar da tsawatarwa ta zama kora daga aiki.

Akwai zare guda da ya ɗaure yawancin waɗannan ma'anoni. Tauna aiki ne da ake yi wa abu yana cikin baki, kafin a haɗiye shi ko a tofar. Abin da ake taunawa bai wuce maƙogwaro ba tukuna, amma kuma ya riga ya fita daga kamanninsa. Daga nan Turawa suka ciro fuska biyu: ta rashin kammalawa, da ta lalata abu a hankali. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin.

Asali da furuci

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. A Ingilishin da ake yi shekara dubu da ta wuce ana rubuta ta 'ceowan', kuma 'yar uwa ce ga 'kauen' ta Jamusanci da 'kauwen' ta harshen Holan. A wancan zamani tana cikin aikatau masu sauya wasalinsu idan an koma lokacin da ya shuɗe, kamar yadda 'sing' ke komawa 'sang' har gobe. Daga baya ta bi sahun mafiya yawa, ta koma ɗaukar 'ed' a ƙarshe. Saboda haka a yau 'chewed' ce kaɗai siffarta ta shuɗaɗɗen lokaci, babu wata.

Furucinta ba ya wahalar da Bahaushe, domin 'ch' ɗin Ingilishi shi ne harafinmu na 'c'. Ana cewa "cuu" da dogon wasali. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne 'chewed', wadda gaɓa ɗaya ce, "cuud", ba "cuwed" ba. Haka kuma 'chews' da 'choose', wato zaɓa, furucinsu ɗaya ne sak, abin da masu rubuta kanun labarai ke son wasa da shi. Mu ma mun taɓa aro daga gidan kalmar ba tare da mun lura ba: cingam ɗin da ake sayarwa a kan tebur 'chewing gum' ne da harshenmu ya tauna ya daidaita.

Inda Hausa ke ci da sha, Ingilishi na tauna

A ma'anarta ta zahiri, 'chew' tana iya zuwa da karɓau, tana iya zuwa ita kaɗai. Ana cewa 'chew the meat', a tauna naman, ana kuma cewa 'chew slowly', a yi tauna a hankali. Sai dai rabon aiki tsakanin kalmomi ya bambanta da namu. Bahaushe cin goro yake yi, shan rake yake yi. Bature kuwa 'chew' yake amfani da ita ga goro da rake da taba da cingam baki ɗaya, domin a wurinsa duk abin da ake juyawa a baki tsawon lokaci don ruwansa ko ɗanɗanonsa, ba don cika ciki ba, tauna shi ake yi. Ɗalibin da ya rubuta 'drink sugarcane' Hausa ya yi da haruffan Turanci.

Sannan akwai bambanci mai laushi tsakanin 'chew' kai tsaye da 'chew on'. Idan an ce kare 'chewed the shoe', takalmin ya ji jiki. Idan an ce 'chewed on the shoe', hankali ya koma kan aikin da yake ta yi, ba kan abin da ya sami takalmin ba. Wannan ƙaramar 'on' ita ce ƙofar da kalmar ta bi ta fita daga baki ta shiga ƙwaƙwalwa.

Ƙananan kalmomin da ke juya ma'ana

'Chew on' a fagen tunani na nufin mutum ya riƙe magana a ransa yana juya ta, galibi shi kaɗai. Idan ɗan siyasa ya ce wa 'yan jarida zai 'chew on it', bai ce eh ba, bai ce a'a ba, bai kuma ɗora wa kansa wa'adi ba. 'Chew over' ta yi kusa da ita, amma tana iya haɗa mutane da yawa suna bitar batu guda, suna komawa kansa.

A nan Hausa da Ingilishi suka yi kiciɓis mai ban sha'awa. Kalmarmu ta tattaunawa daga tauna ta fito, kamar yadda kakkama ta fito daga kama, dudduba ta fito daga duba. Wato mu ma tauna magana muke yi, mu maimaita, har ta yi laushi. Amma kada kamannin ya ruɗi mai fassara. Tattaunawa a Hausar yau ta hau kujerar hukuma: da ita ake fassara zaman sulhu tsakanin ƙasashe da zaman gwamnati da ƙungiyar ƙwadago. 'Chew over' ba ta taɓa kai wannan matsayi ba. Kalma ce ta hira da sharhi, ba a sa ta a takardar yarjejeniya. Idan jaridar Landan ta ce ministoci suna 'chewing over' batun haraji, abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne suna jujjuya batun, ba wai sun buɗe zaman tattaunawa ba. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce tazarar da ke tsakanin raɗe-raɗi da labari.

Ta fuskar nahawu ma biyun sun rabu. Idan karɓau wakilin suna ne, sai ya shiga tsakiya a 'chew it over', amma ya zo ƙarshe a 'chew on it'. Ba a musanya su.

'Chew out' kuwa ta Amurkawa ce, ta yaɗu daga bakin sojojinsu a shekarun 1940. Ma'anarta na gaba ya balbale na ƙasa da faɗa, irin abin da za mu kira wankin babban bargo na fatar baki. Abu biyu ya kamata a lura da su. Na ɗaya, kusan kullum daga sama take gangarowa: kwamanda ga kurtu, koci ga ɗan wasa, shugaba ga muƙarrabinsa. Na biyu, 'out' ɗin da ke ciki ba ta nufin fitarwa. Wanda aka yi wa haka yana nan a kujerarsa, kunnensa ne kawai ya sha zafi.

'Chew up' da 'chew through' su ne ɓangaren ɓarna. Tankokin yaƙi na 'chew up' titi, wato su farfashe shi. Ma'aikata na 'chew through' kuɗin da aka ware mata, wato ta cinye su da sauri fiye da ƙima, ko da babu sata a ciki. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci ga mai fassara, domin idan ya ce "ta cinye kuɗin" ba tare da ƙarin bayani ba, kunnen Bahaushe almundahana zai jiyo, alhali marubucin Turancin kashewa kawai yake nufi. Mafi ɗaci a wannan gida ita ce 'chew up and spit out', a tauna mutum a tofar. Ana faɗinta game da masana'antar fim, da ƙwallon ƙafa, da siyasa, duk inda ake tatse matashi a watsar da shi. Ba ma buƙatar aro a nan, muna da tamu: an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Duk wanda ya taɓa yi wa ɗan takara yawon kamfe, ya wayi gari bayan rantsarwa lambar wayar ta daina shiga, ba ya buƙatar ƙamus.

Shugaban da aka ce ba ya iya tafiya yana tauna cingam

Cikin karin maganar da aka gina kan wannan kalma, babu wadda ta shiga siyasa kamar 'walk and chew gum at the same time', wato mutum ya iya tafiya yana tauna cingam. Ana jingina shahararta ga Lyndon Johnson, shugaban Amurka daga 1963 zuwa 1969, wanda aka ruwaito ya yi wa Gerald Ford ba'a da cewa ko wannan ba ya iyawa. A lokacin Ford shi ne jagoran marasa rinjaye na jam'iyyar Republican a Majalisar Wakilai. Masu ruwayar sun ce ainihin lafazin Johnson ya fi haka ƙazanta, domin sakin iska ya ambata ba tafiya ba, 'yan jarida ne suka wanke maganar kafin su buga. Abin mamakin shi ne mutumin da aka raina ya zama mataimakin shugaban ƙasa a Disambar 1973, ya kuma zama shugaba a Agustan 1974 bayan murabus ɗin Richard Nixon, ba tare da an zaɓe shi a ko ɗaya daga cikin kujerun biyu ba. Ba'ar ta bi shi har Fadar White House.

A yau an juya maganar ta zama kariya. Idan aka tuhumi 'yan majalisar Amurka da cewa binciken shugaban ƙasa zai hana su yin dokoki, amsar da suka saba bayarwa ita ce za su iya tafiya suna tauna cingam. Manufa, gwamnati na iya riƙe aiki biyu a lokaci guda. Hausa ta tsaya a ɗaya gefen, ta ce taura biyu ba ta taunuwa. Ba saɓani ba ne na gaske. Cingam da tafiya ayyuka ne masu sauƙi da ba sa rigima kan gaɓa ɗaya, taura biyu kuwa baki guda suke nema. Tambayar da ya kamata a yi wa mai mulkin da ya fake da karin maganar Amurkawa ita ce ko ayyukan nasa biyu cingam da tafiya ne, ko kuwa taura biyu ne da ke neman asusu guda.

'Bite off more than you can chew' ta fito daga Amurka ita ma, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, zamanin da ake sayar da taba a dunƙule mutum ya gatsa ya ajiye a kunci. Wanda ya gatso fiye da abin da bakinsa zai iya juyawa ya ɗauko Dala ba gammo. 'Chew the fat' hira ce ta kashe lokaci, irin ta majalisar mai shayi. Akwai wani labari da ya yi ta yawo a intanet tun ƙarshen shekarun 1990, wai asalinta Turawan ƙarni na 16 ne da ke yanka wa baƙi kitsen alade su zauna suna tauna. Masana tarihin kalmomi sun yi watsi da shi, domin babu wata shaidar rubutu da ta kai maganar can baya. 'Chew the scenery' kuma ana faɗa wa ɗan wasan da ya cika zuzuta rawarsa, kamar zai tauna kayan dandali, kuma masu sharhi kan ara ta su yafa wa ɗan majalisar da ke ihu don kyamara.

Akwai wata da ta shafi doki. 'Champ at the bit', wadda Amurkawa suka fi furtawa 'chomp at the bit', hoton ingarma ne yana tauna linzami. A Ingilishi ƙaguwa take nufi, mutum ya matsu a sake shi ya fara. A Hausa kuwa tauna linzami ta fi karkata ga barazana da nuna isa, kusa da tauna tsakuwa don aya ta ji tsoro. Doki ɗaya, linzami ɗaya, amma kowane harshe da abin da ya hango.

'Yan uwa na kusa da na nesa

Ingilishi yana da ɗabi'ar ajiye kalma biyu ga abu ɗaya, ta gida da ta aro daga Latin, ya bar ta farko ga kowa da kowa, ta biyu ga likita da malami. Abokiyar 'chew' a wannan tsari ita ce 'masticate', wadda ta shigo a ƙarni na 17. Wurinta littafin kimiyya ne da asibitin haƙori. Wanda ya yi amfani da ita a kan tabarmar cin abinci, ko dai raha yake yi ko yana neman a ce ya yi boko. Ta taɓa samun ranarta a farkon ƙarni na 20, lokacin da wani Ba'amurke, Horace Fletcher, wanda ya rayu daga 1849 zuwa 1919, ya yi ta wa'azin cewa lafiya tana ga tauna kowace loma har ta zama ruwa. An yi masa laƙabi da 'the Great Masticator', har aka ƙera aikatau daga sunansa, 'fletcherize'. Kafin shi an riga an yi ta ba da labarin cewa William Gladstone, wanda ya yi firaministan Birtaniya sau huɗu, yakan tauna kowace loma sau 32, ɗaya ga kowane haƙori.

'Ruminate' ta fi wannan amfani. Asalinta tuƙar da saniya ke yi, ta dawo da ciyawa daga tumbi ta sake taunawa, abin da Ingilishin gida ke kira 'chew the cud'. A yau kusan kullum tunani mai zurfi take nufi, kuma a bakin likitocin ƙwaƙwalwa tana nufin saƙe-saƙen da mutum ya kasa dainawa. Sauran ba su da wuya. 'Munch' tauna ce da ƙara da jin daɗi, 'crunch' ta abu mai garas-garas ce, 'nibble' tsakura ce kaɗan-kaɗan, 'gnaw' kuwa, wadda ba a furta 'g' ɗinta, gwaguya ce irin ta ɓera ko ta kare da ƙashi, shi ya sa ake cewa damuwa tana 'gnaw at' mutum.

Idan kalmar ta shiga doka

A 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda sashe na 49 nata ya ce dole a kawar da taunar ganyen koka cikin shekara 25 daga fara aikinta. Koka, ba koko ba, ita ce tsiron da ake tace hodar iblis daga gare shi, amma al'ummomin tsaunukan Andes sun shafe dubban shekaru suna amfani da ɗanyen ganyen don rage gajiya da yunwa, kusan yadda muke yi da goro. Hasali ma ba tauna shi suke yi kamar abinci ba, dunƙula shi suke yi a kunci suna tsotsa, sai dai Ingilishi ba shi da wata kalma sai 'chewing'. A Maris ɗin 2009 shugaban Boliviya, Evo Morales, wanda shi kansa tsohon jagoran manoman koka ne, ya ɗaga ganyen a gaban taron hukumar Majalisar a Viyana, babban birnin Ostiriya, ya sa a baki. Da yunƙurinsa na goge wannan sharaɗi ya ci tura saboda adawar Amurka da wasu ƙasashe, Boliviya ta fice daga yarjejeniyar a farkon 2012, ta dawo a 2013 da togaciyar cewa tauna ganyen halal ne a cikin iyakokinta.

Singafo ta ba da misali na daban, na yadda nahawu ke haifar da kuskuren labari. 'Chewing gum' na iya zama sunan abu, cingam, yana kuma iya zama aiki, tauna cingam. Dokar da ta fara aiki a 1992 ta hana shigo da shi da sayar da shi ne, bayan an sha fama da masu manna shi a ƙofofin jirgin ƙasa na cikin birni. Ba ta mayar da motsa muƙamuƙi laifi ba, ko da yake tofarwa a titi na jawo tara. A 2004, bayan yarjejeniyar ciniki da Amurka, aka sassauta, aka yarda masu harhaɗa magunguna da likitocin haƙori su sayar da mai amfanin lafiya. Har yau ana samun masu rubuta cewa a Singafo ana kama mutum don an gan shi yana tauna.

Inda kuskure ya fi tsada shi ne kwalin magani, wanda a ƙasashenmu da Turanci ko Faransanci yake zuwa. 'Chewable' na nufin an yi ƙwayar don a tauna, kamar wasu magungunan tsutsar ciki da na ƙwannafi. 'Do not chew' da 'swallow whole' umarni ne a haɗiye ta yadda take. Ƙwayoyin da ke ɗauke da haruffa irin su SR ko XL an ƙera su ne su riƙa sakin magani sannu a hankali cikin awa 12 ko 24. Wanda ya tauna su ya zuba wa jikinsa na yini guda a lokaci ɗaya.

A Turancin Afirka ta Yamma

Kalmar ta yi 'ya'ya a wannan yanki. 'Chewing stick' shi ne asuwaki. A Gana ɗalibai na cewa 'chew and pour', wato a haddace darasi a juye shi a takardar jarrabawa ba tare da an fahimta ba, kuma kalmar ta daɗe tana fitowa duk lokacin da ake muhawara kan gyaran manhajar karatu a ƙasar. Dubi yadda ma'anar ta juye: a Landan tauna magana zurfin tunani ne, a Akara rashinsa ne. Ita kuwa 'chop' ta Turancin buroka, wadda ke nufin ci, ba daga 'chew' ta fito ba, kuma ita ce ke ɗaukar nauyin da 'ci' ke ɗauka a Hausa, daga cin tuwo har cin dukiyar jama'a. 'Chew' ba ta shiga wannan harka. Ba a tauna hanci, ba a tauna zaɓe, ba a tauna amana.

Saura baƙuwa ɗaya da ke shigowa da rigar 'yan gida. Da wuya a yi sallah ko a tunkari zaɓe a Najeriya ba a ji wani gwamna ko kakakinsa ya yi kira ga matasa su 'eschew violence' ba. Ganin 'chew' a jikinta ya sa wasu ke zaton tana nufin tofar da abu bayan an tauna. Babu dangantaka ko kaɗan. 'Eschew' ta shigo Ingilishi daga tsohon Faransanci a ƙarni na 14, kuma danginta su ne 'shy' ta Ingilishi da 'scheuen' ta Jamusanci, masu nufin ja da baya daga abu. Ma'anarta a ƙaurace wa abu da gangan, a ƙi kusantarsa tun farko. A Birtaniya da Amurka kalma ce ta rubutu mai nauyi da ba kasafai ake jin ta a baki ba, amma a sanarwar gidajen gwamnatin Najeriya ta zama ruwan dare. Ana furta ta "is-cuu", da ƙarfi a gaɓa ta biyu, kuma karɓau take ɗauka kai tsaye: 'eschew violence', ba 'eschew from violence' ba.